Jar Motar da Ta Hana Zaki Cin Abinci

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar bayan la'asar, ranar da na tsaya a tsakar gidanmu na haya a Sabon Garin Minna, gaban mutum fiye da goma, na nuna wata baiwar Allah da yatsa na ce ita ce mai laifi, alhali laifin yana cikin aljihuna. Ba salon magana nake yi ba. A aljihun dama na kaftanina yake, da batir biyu a cikinsa.

Bari in fara da gyara wani kuskure da na bari ya shekara bakwai yana yawo. Ni ba injiniya ba ne. Aikina a gidan rediyo fassara labarai da karanta su. In makirfo ya ƙi aiki, hannu nake ɗaga wa na bayan gilashi, su zo su duba. Amma ranar da na tare a gidan, mai gidan, wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da kowa ke kira Baba Alhaji, ya tambaye ni wurin aikina, na ce gidan rediyo. Ya ce, "To alhamdu lillahi, mun samu injiniya." A wurin aiki an koya mini cewa in ka yi kuskure a labaran safe, ka gyara shi a na rana. Wannan ban gyara ba. (Sunan ya yi mini daɗi, gaskiyar ke nan.) Tun daga nan duk fankar da ta tsaya, duk tocilar da ta mutu, ƙofata ake kawowa. In hura, in bubbuga, in ɗaure noti. Rabi su tashi, rabin da suka ƙi kuma in ce ƙirar ce ba ta da kyau.

Tsarin kallonmu a gidan mai sauƙi ne. Dish ɗaya ne a saman kwano, dikoda ɗaya a ɗakin Baba Alhaji. Daga bayanta kebul ya fito ya zo gindin tagar falona, domin nan ne tsakiyar gida, daga nan ya rabu zuwa ɗakuna huɗu da kuma barandar Alhaji, inda yake ajiye tsohuwar talabijin ɗinsa mai doro. Ma'ana, abin da Alhaji ya kunna shi kowa zai kalla. Alhaji kuwa abu ɗaya yake so a duniyar talabijin: tashar namun daji. Da an idar da la'asar zai zauna a kujerarsa ta roba da kofin shayi, yana goyon bayan zaki kamar ɗan'uwansa na jini. Wanda ya ja kebul ɗin, ba sai na faɗa ba, Injiniya ne. Inda layukan suka haɗu a gindin tagata na murɗa wayoyin da hannu kamar mai tufka igiya, na naɗe da leda da salatif. Ya shekara uku yana aiki, ni kuma ina karɓar yabo.

Sai mota ta shigo.

Da ƙaramar Sallah na saya wa 'yata Safiya, mai shekara shida, motar wasa mai rimot. Ja ce, da fitilu shuɗaye a samanta, da jiniya irin ta masu rakiyar manya. Kwana biyu da sayenta Safiya ta tuƙa ta cikin kwata. Na tsamo ta, na yi faɗa, na ce ta lalace, sai an kai ta gyara. Na shanya ta a rana. Washegari da na dawo daga aiki, gida ba kowa (maman Safiya tana shagonta na ɗinki a Bosso, can yarinyar ke wucewa daga makaranta, sai dab da magariba suke dawowa), na ce bari in gwada in ga ko ta bushe.

Ta bushe.

Ya kamata ku fahimci wani abu. Ni a Kuta na tashi. Motar da na sani ina yaro ta gwangwanin madara ce, tayoyinta daga tsohon silifas, kuma sai ka ja ta da zare take bin ka. Wannan kuwa kana zaune, ka danna, ta tafi. Ka danna, ta dawo. Ina da shekara arba'in da uku, na zauna a kan ledar falo, ban tashi ba sai da batir ya yi sanyi. Da Safiya ta dawo ta tambaya, na ce mai gyara ya ce sai an yi odar wani abu daga Legas.

Daga nan abin ya zama tsari, ni kuwa mutum ne mai son tsari. In kulle ƙofa, in kashe talabijin, in matsar da tebur, in jera hanya da takalma da ƙamusoshina biyu, kofin silba a matsayin shataletale. Har sharhi nake yi da muryar aiki, ƙasa-ƙasa: "Jama'a masu sauraro, ga ta nan ta sha kwanar ƙamus, ta nufi takalmin uwargida." Matsala ɗaya ce, jiniyar ba ta da makunni. Muddin motar na tafiya, tana kuka. Kuma ba zai yiwu gida ya ji jiniya daga ɗakin Injiniya ba.

Mafita tana bakin zaure. Can Maman Godiya take da injin markaɗe. Ita 'yar asalin ƙauyukan bayan Minna ce, mijinta ya rasu, da injin nan take riƙe kanta, da shi take riƙe 'yarta Godiya a jami'a. Kullum daga ƙarfe huɗu mata da yara ke jera robobin tattasai da wake, injin ya yi ta ruri har magariba. In yana ruri, ko ganga ka buga a ɗaki ba mai ji. Saboda haka na kafa wa kaina doka: inji ya tashi, mota ta tashi. Inji ya tsaya, in ɗage yatsa. Ranar Lahadi Maman Godiya tana coci, shagon ɗinki ma a rufe, don haka direba yana hutu.

Bayan sati biyu Baba Alhaji ya aiko a kira ni.

"Injiniya, zauna. Sati biyu ke nan ban ga zaki ya ci abinci ba."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Zai yi sanɗa, ya yi sanɗa, ya taso wa barewa, yana dab da cafke ta, sai hoto ya wargaje. Layuka su cika fuskar talabijin a karkace, murya ta koma ƙuuu. Kafin ya dawo an wuce wurin, sai in ga kifi. Ni me ya haɗa ni da kifi?"

Sauran 'yan haya ma suka ce haka abin yake a ɗakunansu. Ni kaɗai ban taɓa gani ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Sau uku Alhaji yana ƙwala mini kira abin yana cikin faruwa, in ajiye rimot in fito da sauri, in tarar da hoto garau. Har Alhaji ya ce, "Ka gani ko? Ita ma ta san injiniya."

Na ɗauki aikin da muhimmanci. Na ba Alhaji takarda da biro, na ce duk lokacin da hoto ya lalace ya duba agogo ya rubuta. Tsohon ma'aikacin jirgi ne, minti ɗaya bai kuskure ba. Bayan kwana shida na baje takardar a gabana. Ba a taɓa samun matsala kafin huɗu ba. Ba a taɓa samu bayan magariba ba. Kowane lokaci da ya rubuta, inji yana aiki. Ranar Lahadi kuwa fes, zaki ya ci ya ƙoshi. Na tuna na taɓa jin injiniyoyinmu na gaskiya suna cewa tartsatsin fulogin inji yana iya shiga na'ura ya dagula sauti. Shi ke nan. Na ji irin daɗin da nake ji in na samo kalmar Hausa da ta zauna daram a fassara.

Na je na gabatar da rahoto kamar ina karanta kanun labarai. "Baba, bincike ya nuna cewa injin markaɗe ne."

Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma ban da kan zaki. Ya kira Maman Godiya ya ce ta nemi wani wuri, ƙarshen wata inji ya bar gidan.

Ta same ni a bakin famfo da yamma, zaninta duk feshin tattasai.

"Oga Injiniya, injina shekara shida yana wurin nan. Zaki yana cin abinci, ni ma ina cin abinci. Yanzu ne na hana shi? In na ɗauke inji, ina zan kai? Masu markaɗe nan ƙofa suka sani."

Na ce mata, da muryar da nake karanta sanarwar ta'aziyya, "Maman Godiya, ba ni na faɗa ba, kimiyya ce."

A ɗaki ma ban samu sauƙi ba. Maman Safiya ta ce, "Baban Safiya, matar nan ita ta zauna da ni a asibiti ranar haihuwar yarinyar nan, kana can kana karanta wa duniya labari. Ka tabbata?" Na ce ina da takarda. Ta ce, "Takarda," ta juya ta ci gaba da ninke kaya.

Ranar Alhamis Godiya ta dawo daga makaranta. Ashe abin da take karantawa ke nan, harkar lantarki da sadarwa, aji uku. (Na san tana jami'a. Ban taɓa tambayar me take karantawa ba, domin a ganina gida ɗaya injiniya ɗaya ya isa.) Ta gaishe ni da ladabi, ta durƙusa a gindin tagata ta daɗe tana kallon ƙullin leda da salatif.

"Kawu, wa ya yi wannan haɗin?"

"Yana da matsala ne?"

"A buɗe yake. Kebul yana da wata riga ta ƙarfe a ciki da ke tare shi daga sauran sigina. Nan an yanke ta. Duk abin da ke aika sigina a kusa, nan zai shiga ya bi layi har ɗakin kowa. Kuma Baba ya ce layuka ne a karkace, suna zuwa suna ɗaukewa kamar ana danna abu ana saki. Na inji ba haka yake ba, ɗige-ɗige yake yi, kuma ba ya hutawa. Akwai mai wani abu mai eriya a gidan nan? Irin na'urar 'yan sintiri, ko abin wasan yara?"

Wallahi a lokacin wani zargi ya ɗan ɗarsu a raina. Amma girman kai ya fi shi nauyi, ya danne shi. Na yi murmushin manya na ce, "Godiya, karatu daban, aiki daban."

"To Kawu, me ya sa in an kira ka ka fito hoto yake gyaruwa, alhali inji bai tsaya ba?"

"Ya danganta da abin da ake markaɗawa," na ce. "Wake ya fi tumatir tartsatsi."

Ta dube ni. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta yi dariya ba. Ta dai je ta roƙi Alhaji a yi gwaji a gaban kowa kafin a kori uwarta. Alhaji ya sa Asabar bayan la'asar. Na ce madalla, gwaji ai shi ne ƙashin bayan kimiyya.

Ranar Asabar, wajen uku da rabi, wata mata ta kawo markaɗen biki, inji ya tashi da wuri. Na duba agogo, na ga akwai rabin awa. Na ce zagaye biyu kawai. Ina kwanar ƙamus na ji sallamar maman Safiya a tsakar gida, ashe ta rufe shago da wuri don ta tsaya wa ƙawarta. Na zuba takalma a lungu, na tura motar bayan labulen ƙofa da ƙafa, na jefa rimot a aljihu, na buɗe ƙofa ina gyara hula. Ban kashe motar ba. Ban kashe rimot ba.

Bayan sallah gida ya cika. 'Yan haya, matan da suka kawo markaɗe da robobinsu, har mai shagon da ke jikin gidan ya leƙo. Alhaji a kujerarsa, talabijin a baranda, kuma Allah da ikonsa, zaki ne a fuska, kwance cikin ciyawa yana harin wata barewa.

Na tsaya a tsakiya na yi gabatarwa ta minti uku, har da "kamar yadda za ku gani da idanunku". Sannan na ɗaga hannu kamar mai ba jirgi hanya. "Maman Godiya, tayar da inji."

Ta ja igiya, inji ya kama ruri. Duk muka zuba wa talabijin ido.

Garau.

Minti ɗaya. Biyu. Har ƙudan da ke kan hancin zaki ana gani. Na ɗaga murya na ce sai inji ya yi zafi. Ya yi zafi. Na ce a zuba wake. Aka zuba wake. Zaki ya miƙe ya fara sanɗa, hoto kamar ka sa hannu ka shafa gashinsa. Maman Safiya ta harɗe hannu tana kallona, ba talabijin ba.

Alhaji ya ce, "Injiniya, yaya?"

Na ja baya na jingina da ginshiƙin baranda, ta gefen dama.

Nan take hoto ya wargaje. Layuka a karkace, murya ƙuuu, daidai yadda Alhaji ya kwatanta. Wani farin ciki ya taso mini, ban ko motsa daga jikin ginshiƙin ba, na miƙa hannu na nuna bakin zaure na ɗaga murya: "Kun gani! Jama'a kun gani! Ga shi nan, injin matar nan ne!"

Sai na lura muryata ta yi ƙara fiye da kima. Gidan shiru. Maman Godiya tana tsaye a bayan mutane, nesa da injinta, tana goge hannu da zani.

"Oga, wake ya ƙare. Na kashe inji tun ɗazu."

A cikin wannan shirun ne aka ji jiniya.

Wiu-wiu-wiu. Labulen ƙofata ya ɗaga kaɗan daga ƙasa. Jar mota ta fito, fitilu na walƙiya, ta miƙe tsakar gida ba ta karkace ba (ko ni ban taɓa tuƙa ta a miƙe haka ba), mata suna ɗage ƙafa, ta wuce tsakanin robobi biyu na tattasai, ta zo ta daki silifas ɗin Baba Alhaji. Ta tsaya nan tana kuka, tayoyi na juyawa.

Na zabura na bar jikin ginshiƙi. Mota ta yi shiru. Hoto ya dawo. Kifi.

Safiya ce ta fara magana, da murnarta tsakani da Allah. "Abba! An kawo abin daga Legas?"

Godiya ta matso a hankali ta ce, "Kawu, don Allah ɗan sake jingina." Ban san dalilin da ya sa na bi umarninta ba. Na jingina: jiniya, layuka. Na tashi: kifi. Wata mai markaɗe ta ce, "A sake!" Alhaji ya miƙo tafin hannu. Na zaro rimot daga aljihu, eriyarsa a lanƙwashe, na ɗora masa.

Ya juya shi, ya dube ni ta saman tabarau. "Injiniya, yarinyar ce ke wasa da shi kullum ƙarfe huɗu?"

Maman Safiya ta riga ni. "Baba, yarinya tana shago tare da ni kullum har magariba."

Daga nan dariya ta fashe. Mai shago sai da ya zauna a ƙasa. Ni kuwa, mutumin da ya karanta labarin ambaliya da na zaɓe muryarsa ba ta girgiza ba, na buɗe baki na ce, "Gwada ta nake yi." Maman Safiya ta ce, "Sati huɗu?"

Maman Godiya kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini zafi. Kwana tara ta yi tana zagaya unguwa neman inda za ta kai inji, saboda maganata. Na je gabanta na cire hula na ce ta yafe mini.

Ta ce, "A gaban mutane ka ce ni ne. To kai mai labarai ne. Karanta a gaban mutane."

Haka na koma tsakiyar gida, na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na karanta da cikakkiyar muryar ƙarfe bakwai na safe: "Ga wani gyara. A rahotonmu na baya mun ce injin Maman Godiya ne ke lalata hoton talabijin. Wannan ba daidai ba ne. Wakilinmu ne, da motar 'yarsa. Haka kuma wakilin namu ba injiniya ba ne, bai taɓa zama ba. Muna neman afuwa." Sai a nan ta yi dariya, har da tafi, ta ce, "Ka ƙara na wake." Na ƙara: "Wake kuma ba shi da tartsatsi."

Alhaji ya ce inji yana nan daram, ba inda za shi. Washegari Godiya ta yanke ƙullina ta jefar, ta sa sabon kebul da 'yan kawunan ƙarfe masu murɗawa, aikin minti ashirin, ina riƙe mata tsani. Ta sa Safiya ta tuƙa motar a gindin tagar don gwaji, ko gezau hoto bai yi ba. Motar ta koma hannun mai ita, amma ba nan take ba. Sai da Baba Alhaji ya tambaya ko tana da ribas, ya yi zagaye uku a baranda, ya ce birkinta bai kai na jirgi ba.

Yanzu ba mai kawo mini fanka. Sunana a gidan Direba, har yaran maƙwabta, har mai shago in zai ba ni canji. Wannan karon ma ban gyara ba, domin babu kuskure a ciki. Abin da na koya kuwa ɗan kaɗan ne, amma ina aiki da shi har a ofis: duk ranar da bincikena ya yi kyau ƙwarai, hujjoji suka jeru, kowane minti ya nuna wani mutum daban, kafin in ɗaga yatsa nakan tsaya in laluba aljihuna tukuna.